John Scott Haldane: Likitan da ya shaƙi guba don gano abin da wuta ke bari a cikin iska

Idan gobara ta tashi, harshen wuta da baƙin hayaƙi su ne ido ke gani, su ne kuma kowa ke gudu. Amma likitocin da ke binciken gawarwaki sun daɗe da sanin cewa yawancin waɗanda gobara ke kashewa a rufaffen wuri, abin da suka shaƙa ne ke gamawa da su tun wuta ba ta kai ga jikinsu ba. Cikin mutanen da suka kafa hujjar wannan magana, da wuya a sami wanda ya sha wahala a kanta kamar John Scott Haldane, likita ɗan ƙasar Sikotland, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana bin iska mai guba duk inda take, yana auna ta, wani lokacin ma da huhunsa.

An haife shi a birnin Edinburgh ranar 3 ga Mayu, 1860, a gidan da ilimi da wadata suka haɗu. Mahaifinsa, Robert Haldane, lauya ne. Mahaifiyarsa, Mary Elizabeth, ta rayu har ta cika shekara 100. Yayansa Richard ya riƙe ministan yaƙi na Birtaniya daga 1905 zuwa 1912, daga baya ya shugabanci ɓangaren shari'a na ƙasar. Shi kuwa John ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh, ya ɗan zauna a Jena ta ƙasar Jamus, ya kammala karatun likita a 1884. Da ya so, da ya buɗe wurin duba masu hannu da shuni ya yi zamansa cikin rufin asiri. Sai ya nufi Dundee, garin masaƙu, inda talakawa ke cunkushe iyali guda a ɗaki guda.

A can ne ya haɗu da malamin kimiyyar sinadarai Thomas Carnelley, suka shiga aikin da ba kowa zai yarda ya yi ba. Sukan ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen talakawa da tsakar dare, lokacin da mutane ke barci kuma iskar ɗaki ta fi lalacewa, su ɗebi samfurinta su tafi da shi ɗakin gwaji. Sun auna iskar makarantu, sun kuma shiga magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa, har da waɗanda ke ƙarƙashin ginin majalisar dokoki a Landan. Sakamakon da suka fitar a 1887 ya ba mutane mamaki. A zamanin an yi imani cewa warin magudana shi ne ke kawo cuta, sai ga shi ƙwayoyin cutar da ke iskar magudanar ba su kai na ɗakin da mutane suka cunkushe a ciki ba. Tun daga nan Haldane ya daina amincewa da hanci a matsayin alƙalin iska, kuma wannan darasi shi ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A wannan shekarar ya koma Jami'ar Oxford, inda kawunsa John Burdon Sanderson yake farfesan ilimin yadda sassan jiki ke aiki. Ya auri Louisa Kathleen Trotter a 1891, suka sami ɗa da 'ya, Jack da Naomi, waɗanda dukansu suka yi suna daga baya, ɗaya a kimiyya, ɗaya a rubutun littattafai.

A Oxford shi da abokin aikinsa James Lorrain Smith suka ƙera wani akwatin katako da iska ba ta shiga ba ta fita, wanda bai wuce ya ɗauki mutum guda ba. Sukan shiga ɗaya bayan ɗaya a rufe su na sa'o'i, suna shaƙar numfashin da suka fitar, har sai haki da ciwon kai sun ci ƙarfinsu. Abin da suka gano shi ne babu wata ɓoyayyar guba da jikin ɗan Adam ke fitarwa a numfashi kamar yadda wasu masana ke cewa. Abin da ke sa haki shi ne taruwar iskar kabon dayoksaid, abin da ke sa jiri da gushewar hankali kuma shi ne raguwar iskar oksijin.

Kafin a fahimci aikin da ya fi yin suna a kansa, sai an san abin da wuta ke yi. Ƙuna haɗuwa ce tsakanin abin da ke cin wuta da oksijin da ke cikin iska. Itace da gawayi da kwal da kananzir da man fetur duk ginshiƙinsu sinadarin kabon ne. Idan iska ta wadata, kabon yakan ƙone ƙurmus ya zama kabon dayoksaid, irin wadda mutum ke fitarwa a numfashi, wadda ba ta kisa sai ta taru da yawa ƙwarai. Idan kuwa iska ta yi ƙaranci, kamar a rami ko a ɗakin da aka toshe, ƙunar ba ta kammala, sai a sami kabon monoksaid. A kunne sunayen biyu kamar ɗaya suke, amma a jiki tazarar da ke tsakaninsu ita ce ta rai da mutuwa.

Bayan wannan, kowane abu yana ƙara nasa gwargwadon abin da ke cikinsa. Kwal yana ɗauke da farar wuta, don haka hayaƙinsa kan fito da wata iska mai yaji da ke sa tari da hawaye. Nakiyar da ake fasa dutse da ita tana iya barin wani tururi ja-ja na sinadarin naitirojin, wanda mutum zai shaƙa ya tafi gida lafiya lau, bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. Ulu da siliki idan suka ƙone sukan saki gubar sayanaid. Mafi yawan waɗannan suna da wari ko yaji da zai sa mutum ya ja da baya. Kabon monoksaid ce kaɗai ba ta sallama. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta shaƙe maƙogwaro.

Wurin da duk waɗannan iskoki suka fi haɗuwa a Birtaniya ta wancan zamani shi ne ramin haƙar kwal. Dubban ɗaruruwan mutane ne ke sauka ƙarƙashin ƙasa kullum, kuma fashewa ta zama ruwan dare. A watan Yunin 1894 kaɗai, mutum 290 suka mutu a ramin Albion da ke kudancin Wales. Masu haƙa suna da sunayen da suka laƙaba wa kowace iska. Akwai mai kama wuta, wato metan da ke tsattsafowa daga jikin kwal. Akwai baƙar iska mai kashe fitila, wadda Haldane da sufeton ramuka W. N. Atkinson suka auna a 1895 suka tarar mafi yawanta naitirojin ne da ɗan kabon dayoksaid, wato iska ce da kwal ya tsotse oksijin ɗinta a hankali. Sai kuma wadda ke biyo bayan fashewa, wadda ake tsoro fiye da kowacce, ba a kuma san takamaiman abin da ke cikinta da ke kisa ba.

Haldane ya zargi kabon monoksaid. Tun kusan shekara 40 kafin nan, masanin Faransa Claude Bernard ya nuna cewa wannan iska tana manne wa himoglobin, jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini. Riƙon da take yi masa ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda haka ko ɗan kaɗan ne a cikin iska, a hankali sai ta mamaye gurbin oksijin a jini, mutum yana numfashi amma jikinsa yana mutuwa da ƙishin iska. Abin da ba a sani ba shi ne adadin da ke kisa, da tsawon lokacin da yake ɗauka, da abin da mutum ke ji a kowane mataki. Dabba ba za ta iya faɗin abin da take ji ba, don haka a 1895 Haldane ya mai da kansa abin gwajin.

Yakan zauna ya shaƙi iskar da aka gauraya da wani sanannen adadi na gubar, lokaci-lokaci a huda masa yatsa a auna jininsa, shi kuma yana rubuta halin da yake ciki. Da farko babu komai sai ɗan haki idan ya motsa. Daga nan bugun zuciya da nauyin kai. Da gubar ta kusa kama rabin jininsa, ƙafafuwa suka fara ƙin ɗaukarsa, gani ya dushe, rubutunsa ya karkace. A gwaji mafi tsanani ya bari ta wuce rabi, har ya kai ba ya iya tsayuwa. Abu mafi ban tsoro da ya lura da shi shi ne gubar tana fara cin ƙarfin ƙafa da kaifin tunani, kuma duk wani yunƙuri na gudu ko hawa yana ƙara saurin faɗuwa. Kafin mutum ya gane yana cikin haɗari, abin da zai gudu da shi ya riga ya tafi.

A gefensa yakan ajiye ɓera a cikin iska iri ɗaya. Ɓeran yakan kife cikin 'yan mintuna a iskar da za ta ɗauki mutum sa'a guda ko fiye kafin ta kayar da shi, domin ƙaramar halitta tana sarrafa iska da sauri, kusan sau ashirin fiye da mutum idan aka kwatanta da girman jiki. Ya kuma yi wani gwaji da ya zama tushen magani. Ya sa ɓera a cikin tulun da aka matse oksijin a ciki da ƙarfi, ya zuba masa kabon monoksaid mai yawa, ɓeran bai mutu ba, saboda matsin ya sa oksijin ya narke kai tsaye a ruwan jini ba tare da buƙatar himoglobin ba. Wannan ya nuna cewa babbar illar gubar ita ce tare hanyar oksijin, maganinta kuma shi ne oksijin mai yawa. Har yau da shi asibitoci ke ceton wanda ya shaƙe ta.

Ba a daɗe ba aka sami wurin gwada wannan ilimi a fili. Da asubahin Litinin, 27 ga Janairu, 1896, ramin kwal na Tylorstown da ke kwarin Rhondda a Wales ya fashe, mutum 57 suka mutu, tare da dawakai masu yawa da ke jan kekunan kwal a ƙarƙashin ƙasa. Haldane ya taso daga Oxford, ya sauka cikin ramin, ya kuma bi gawarwakin yana dubawa tare da likitan wurin. Abin da kowa ya ɗauka shi ne ƙarfin fashewa da wuta ne suka hallaka mutanen, waɗanda suka saura kuma rashin iska ya shaƙe su. Gani ya kori ji. Da aka wanke ƙurar kwal daga fuskokinsu, da yawa ba su da ƙuna ko rauni mai kisa, leɓunansu da fatarsu jajaye kamar na mai barci cikin ƙoshin lafiya. Wanda rashin iska ya kashe, shuɗi-shuɗi yake komawa. Wannan jan launi tambarin kabon monoksaid ne.

Bai tsaya ga launin fata ba. Ya ɗebi jinin mutanen da na dawakan, ya tsinka shi da ruwa. Lafiyayyen jini idan aka tsinka shi sosai yakan koma rawaya-rawaya, mai ɗauke da gubar kuwa yakan tsaya a launin hoda, kuma da kwatanta zurfin launin yana iya ƙiyasta yawan gubar. Jini bayan jini, amsa ɗaya ce. 'Yan kaɗan ne fashewar kanta ta kashe. Mafi yawansu sun tsira daga wutar, iskar da ƙurar kwal ta bari bayan ta yi rabin ƙuna ita ce ta bi su lungu-lungu.

Wannan binciken ya sauya yadda ake kallon duk wata fashewa. Idan mutane nan take suke mutuwa, masu ceto gawa kawai za su je ɗauka. Idan kuwa suna raye na wani lokaci bayan fashewar, to kowane minti yana da daraja, kuma saurin maido da iska mai kyau cikin ramin zai iya fitar da mutane da ransu. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa masu ceto da kansu suke faɗuwa. Abin da suka dogara da shi shi ne fitila, domin tana mutuwa idan oksijin ya yi ƙasa. Amma fitila tana ci tangaran a cikin iskar da ke ɗauke da kabon monoksaid da ya isa ya kashe ƙato. Mutum zai ga haskensa yana ci, ya saki jiki ya ƙara nutsawa ciki.

A rahoton da ya miƙa wa ministan cikin gida a 1896, wanda ya haɗa da fashewar Brancepeth da ta Micklefield da suka auku a wannan shekarar, ya ba da shawarar masu ceto su riƙa tafiya da ƙaramar halitta a keji, ɓera ko tsuntsu, a kuma tanadi oksijin domin farfaɗo da waɗanda aka fito da su. Shekara guda bayan haka wani bala'i ya ƙara tabbatar da maganarsa ta wata fuska. A ramin haƙar dalma na Snaefell da ke tsibirin Man, inda babu kwal balle metan, katakan da suka tokare ramin suka kama da wuta suna ci a hankali, mutum 20 suka mutu. Itace ma, idan ya ƙone a inda iska ba ta isa, abin da kwal ya bari shi yake bari.

Da tafiya ta yi tafiya, kanari ya ƙwace wa ɓera aikin. Ɓera yakan lafe a kusurwar keji, da wuya a gane ko lafiya yake ko ya fara jigata, musamman a duhu. Kanari kuwa a kan sanda yake tsayawa, da zarar gubar ta taɓa shi zai yi tangaɗi ya faɗo, kowa ya gani. Daga wajajen 1911 ajiye waɗannan tsuntsaye ya zama ƙa'ida a ayyukan ceto na ramukan Birtaniya. An ma ƙera wani keji na musamman mai bangon gilashi da ɗan tulun oksijin a samansa, wanda da tsuntsun ya faɗi za a rufe ƙofar a buɗe masa iska ya farfaɗo. Masu haƙa sun shaƙu da tsuntsayen ƙwarai, ba su ɗauke su abin da za a yi amfani da shi a yar ba.

Ba a ramuka kaɗai ya tsaya ba. A ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ƙasan da ke bin ƙarƙashin birnin Landan da kwal suke aiki, fasinjoji suna tari cikin hayaƙi. A 1897 Haldane ya auna iskar hanyar jirgin Metropolitan domin wani kwamitin gwamnati, ya nuna yawan tururin farar wuta da kabon dayoksaid da ke taruwa a ciki. A 1905 aka fara mai da hanyar ta lantarki. Ya kuma ja hankali kan iskar gas da ake sarrafawa daga kwal ana turawa gidaje domin haske da girki, wadda ita kanta tana ɗauke da kabon monoksaid, ta yadda ɗan yoyon bututu da dare ya isa ya shafe gida.

Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar ya taɓa ganin ramin kwal kafin ya gane wannan guba. Ita ce ke fitowa daga salansar janareta, ita ce kuma ke tashi daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga. Labarin iyalin da aka wayi gari aka tarar da su a kwance ba rauni ba alamar kokawa, janareta a baranda ko a lungun ɗaki, labari ne da jaridu ke ɗauka lokaci zuwa lokaci, kuma sau da yawa zargi yakan fara faɗawa kan abinci ko sammu. Gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda ake ganin ya zama lafiyayye, bai daina fitar da ita ba. Abin da Haldane ya rubuta game da ƙafafun da ke mutuwa kafin hankali ya farga shi ne amsar tambayar da maƙwabta kan yi, wai me ya hana ko mutum ɗaya tashi ya buɗe ƙofa.

Sauran ayyukansa sun isa su cika rayuwar mutum uku. A 1905 shi da J. G. Priestley suka nuna cewa yawan kabon dayoksaid a jini ne ke umartar ƙwaƙwalwa ta ƙara ko ta rage numfashi a yanayi na yau da kullum. Wannan ya ƙara haske kan mugun halin kabon monoksaid, domin ba ta ƙara kabon dayoksaid a jini, saboda haka jiki ba ya buga ƙararrawar haki da wuri. Rundunar sojan ruwan Birtaniya ta nemi taimakonsa kan ciwon da ke kama masu nutso idan suka taso daga zurfin teku da gaggawa. Bayan gwaje-gwaje da awaki a ɗakin matsin iska, shi da A. E. Boycott da G. C. C. Damant suka fitar da jadawali a 1908 na yadda mai nutso zai riƙa tasowa yana tsayawa zango-zango, wanda jadawalan yau suka samo asali daga gare shi. A 1911 ya jagoranci masana zuwa ƙololuwar dutsen Pikes Peak a Amurka, mai tsayin kimanin mita 4,300, suka yi mako biyar suna nazarin yadda jiki ke sabawa da ƙarancin iska. Ya binciki tsutsar ciki da ciwon huhu da ƙurar dutse ke jawo wa masu haƙar kuza a Cornwall.

A tafiyar Pikes Peak ne ya ƙara riƙe wani ra'ayi da bai yi daidai ba. Ya yi imani cewa huhu yana iya tura oksijin cikin jini da ƙarfin kansa idan iska ta yi ƙaranci. Masanan Denmark, August Krogh da matarsa Marie, sun nuna tun 1910 cewa oksijin ratsawa kawai yake yi daga inda ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci. Hujja tana tare da su, amma Haldane bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya mutu. Taurin kan da ya sa shi zama cikin guba har ƙafafunsa su mutu, shi ne dai ya hana shi amsa kayi a nan.

Akwai kuma abin da mutanen yau ba za su yafe masa da sauƙi ba. Ɗansa Jack, wanda duniya ta sani da J. B. S. Haldane, ya ba da labarin yadda mahaifin ya shiga da shi ramin kwal yana ƙaramin yaro, suka isa inda metan ta taru a sama saboda ta fi iska rashin nauyi. Uban ya sa shi ya miƙe tsaye ya karanto wani jawabi daga wasan kwaikwayon Shakespeare. Bai yi nisa ba ya fara haki, ƙafafunsa suka lanƙwashe ya zube ƙasa, inda iska mai kyau take, ya farfaɗo. Yana ɗan shekara 13 kuma aka sa masa kayan nutso aka saukar da shi cikin ruwa. Ɗan bai taɓa nuna ɓacin rai a kan haka ba, ya ma gaji halin, amma babu kwamitin ɗa'ar bincike a yau da zai bar uba ya yi wa yaro haka.

Ranar 22 ga Afrilu, 1915, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a kan abokan gabarsu kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam. Wannan ba iskar gobara ba ce, guba ce da aka sarrafa a masana'anta domin kisa, amma babu wanda ya fi Haldane sanin huhun da guba ta ci. Ministan yaƙi Lord Kitchener ya tura shi fagen daga cikin 'yan kwanaki. Ya duba marasa lafiya da gawarwaki ya tabbatar da irin iskar, sannan shi da wasu 'yan sa kai, har da ɗansa, suka riƙa shiga ɗakin da aka cika da kulorin suna gwada abubuwan rufe hanci. Daga nan aka sami ɗaya daga cikin takunkuman farko da aka raba wa sojojin Birtaniya, ƙunshin auduga da aka jiƙa da sinadari aka naɗe a baƙin mayafi. Daga baya ya ƙera na'urar ba wa sojan da guba ta taɓa oksijin ta hanyar takunkumi. Aikin ya bar masa rauni a huhu. A daidai wannan lokaci jaridu suka taso wa yayansa Richard da zargin son Jamusawa har ya rasa muƙaminsa a watan Mayun 1915, shi ma John bai sami matsayin da iliminsa ya cancanta ba a sauran shirye-shiryen yaƙin.

Tun 1913 ya bar koyarwa a sashensa na Oxford, a shekarar da kujerar farfesa ta tafi ga Charles Sherrington. Ya ci gaba da bincike a ɗakin gwajin da ya gina a gidansa, ya kuma jagoranci wata cibiyar binciken ramukan kwal da aka kafa kusa da Doncaster, wadda daga baya ta koma Jami'ar Birmingham. Injiniyoyin haƙar ma'adinai sun zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu a 1924, abin da ba a saba yi wa likita ba. Littafinsa kan numfashi ya fito a 1922. A 1934 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya ta ba shi lambar Copley, mafi girma da take bayarwa.

Kafin ya tsufa, tushen gubar ya fara sauyawa. Mota ta yawaita, injin fetur kuma yana fitar da kabon monoksaid mai yawa. Abokin tafiyarsa zuwa Pikes Peak, Yandell Henderson, yana cikin waɗanda suka tsara adadin da za a iya jurewa a hanyar motoci ta Holland da ke ƙarƙashin kogi a New York, shi kuma Haldane aka nemi shawararsa kan iskar hanyar ƙarƙashin kogin Mersey a Liverpool, wadda aka buɗe a 1934. Bai kai zamanin da leda da roba da katifar soso suka cika gidaje ba. Waɗannan sun ƙara wa gobara sababbin guba, domin bututun roba na PVC yana sakin tururin asid mai ƙona ido da huhu, soson katifa kuma yana haɗa sayanaid da kabon monoksaid a lokaci guda. Duk da haka, abu na farko da likita ke aunawa a jinin wanda aka fito da shi daga gobara shi ne yawan himoglobin da kabon monoksaid ta kama, ma'aunin da Haldane ya gwada a kan yatsansa.

Yana da shekara 75 ya tafi Iran da Iraƙi domin binciken yadda tsananin zafi ke kayar da ma'aikatan man fetur. Ya dawo cikin sanyin Ingila, ciwon nimoniya ya kama shi, rai ya yi halinsa a gidansa da ke Oxford a daren 14 ga Maris, 1936.

Kanari ya ci gaba da sauka ramukan Birtaniya har shekara 50 bayan mutuwarsa. A watan Disambar 1986 aka sanar da sallamar tsuntsaye fiye da 200 da suka rage a bakin aiki, aka maye gurbinsu da 'yar na'urar lantarki da ke nuna adadin gubar a kan allo.